Karen Garke Ma'aikaci Ne

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, mutane da yawa sun ɗauki kare abin jifa kawai. Ni kuwa a ganina, karen da ke tsaron dabbobi ma'aikaci ne mai hakki a kanmu.

A gonarmu akwai kare guda wanda ya tashi cikin tumaki tun yana ɗan kwikwiyo, har ya ɗauke su 'yan'uwansa. Da dare muna barci, shi yana zagaya garke. Haushinsa ke korar dila, ya ta da Baba in ɓarawo ya matso. Addini ma ya halatta ajiye kare don farauta da tsaron gona da dabbobi.

To, da me ake saka masa? Ƙanzo da sanda! Karen da yunwa ta dama zai bar garke ya tafi yawon bola, ya kwaso ciwon hauka, wanda ba ya jin magani da zarar ya bayyana a jikin mutum. Alhali kuwa a Vom, kusa da Jos, ake yin allurar rigakafinsa.

Saboda haka mu ƙosar da shi, mu kai shi wurin likitan dabbobi kowace shekara. Yaba kyauta tukwici.