Filafilin hannu: ƙaramin ya fi babban amfani ga ɗan ninƙaya

Kayan horon ninƙaya sun fara shigo mana da yawa, wasu daga kantunan kayan wasanni, wasu daga cikin dilar gwanjo, wasu kuma tsaraba ce daga ƴan uwa mazauna Faransa ko Amurka. A cikinsu akwai wani faifai na roba mai tauri da ake ɗaurawa a tafin hannu, wanda muke kira filafilin hannu, tunda aikinsa ɗaya ne da filafilin da masu kwale-kwale ke tuƙi da shi a kogin Isa, wato ya kamo ruwa da yawa ya tura shi baya. Abin da muka lura da shi shi ne, in aka baje su gaban saurayi aka ce ya zaɓa, hannunsa kan miƙe kai tsaye wajen mafi faɗi. Mu kuwa a ganinmu wannan zaɓi kuskure ne, kuma kafaɗa ce ke biyan kuɗinsa daga baya.

Abin ba sabo ba ne. Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 100 ta Amurka, ya ƙera wa kansa irin wannan faifai tun yana yaro a birnin Boston. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1773 ya bayyana cewa tsawon kowane ɗaya ya kai kimanin santimita 25, faɗinsa kuma 15, da ƴar kafa ta zura babban yatsa. Ya ce lalle ya ƙara sauri da su, amma sun gajiyar masa da wuyan hannu. Ke nan wanda ya fara gwada abin ya faɗi amfaninsa, ya kuma faɗi aibinsa a wuri guda, sai dai masu sayarwa na yau rabin farko kawai suke maimaita wa mai saye.

Dalilin gajiyar a bayyane yake. Ruwa ya fi iska nauyi wajen ninki 800, kuma ƙarfin da yake maido wa hannu yana ƙaruwa ne gwargwadon faɗin abin da aka tura shi da shi. In faifan ya ninka tafin hannunka sau biyu, kuma ka ja da saurin da ka saba, to nauyin da ke kan hannun ya ninka sau biyu shi ma. Wannan nauyi ba ya tsayawa a tafi, yana bin sangalin hannu da gwiwar hannu ya sauka a kafaɗa. Ita kuwa kafaɗa gaɓa ce mai gurbi marar zurfi, abin da ya sa take iya juyawa ta ko'ina, kuma wasu ƙananan tsokoki guda huɗu ne da jijiyoyinsu ke riƙe da kan ƙashin damtse a wurinsa. Manyan tsokokin baya da na ƙirji suna iya ɗaukar ƙarin kaya cikin ƴan makonni, amma waɗannan ƙananan da jijiyoyinsu ba sa sabawa da wuri haka.

A yi ɗan lissafi. Mai iyon da ke jan hannu sau 20 kafin ya ƙetare tafki mai mita 25, in ya yi mita 1000 ya ja hannu sau 800 ke nan, kowace kafaɗa sau 400. Ƙaramin kuskure da aka maimaita sau 400 da ƙarin nauyi, kwana huɗu ko biyar a mako, shi ne hanyar ciwon da wasu likitocin Kanada biyu, Kennedy da Hawkins, suka raɗa wa suna kafaɗar ɗan ninƙaya tun a 1974. Yakan fara da ɗan zafi a gaban kafaɗa bayan an fito daga ruwa, daga nan ya kai mutum ba ya iya kwanciya ta wannan gefen. A ƙasashen da kowane kulob ke da likitan gashi, ana gyara abin da wuri. A wurinmu kuwa yawanci sai a shafa man zafi, a dakata mako biyu, a koma da faifan nan dai, har ranar da yaron zai bar ruwa baki ɗaya.

Akwai kuma abin da ya sa lamarin ya fi shafarmu. Filafilin hannu ba ya koya wa mutum iyo, yana ƙara girman abin da mutum ya riga ya iya ne, mai kyau ko marar kyau. Wanda ke sakin gwiwar hannunsa ƙasa lokacin ja, ko yake shigar da hannu ruwa da babban yatsa a gaba, ko yake ƙetare tsakiyar jikinsa da hannun, faifai babba zai ƙara masa wannan aibi ya kuma ɗora masa nauyi a kai. Mu kuma yawancin ƴan ninƙayarmu a makare suke shiga harkar, tafkuna sun yi ƙaranci, masu horaswa ma haka. Masu karatu na iya tuna wasannin Olimpik na Sidni a 2000, lokacin da aka fitar da ɗan Nijar Karim Bare da wani ɗan Tajikistan daga zagayen farko na tseren mita 100 saboda sun faɗa ruwa kafin a ba da alamar tashi, aka bar Eric Moussambani na Gini Ikwatoriya ya yi iyo shi kaɗai, ya gama a minti 1 da daƙiƙa 52.72, alhali wanda ya ci zinare ya yi a daƙiƙa 48.30. Moussambani watanni kaɗan ya yi yana koyo, a wani ƙaramin tafkin otal. Duk wanda ya kalli wannan tsere ya san ba ƙarfin damtse ya rasa ba, iya ruwa ne bai samu lokacin koya ba, kuma babu faifan da zai cike masa wannan giɓi.

To wane iri za a saya? A ɗora tafin hannu a kan faifan, yatsu a miƙe ba a ware su sosai ba. In bakin robar ya ɗan leƙo kaɗan a kewayen yatsu, kamar faɗin ɗan yatsa ɗaya, ya yi daidai. In kuwa hannun ya ɓace a tsakiya kamar cokali a faranti, a ajiye shi. Lambobin da kamfanoni irin su Speedo, Arena da TYR ke bugawa a jikin kayansu ba ma'auni ɗaya suke bi ba, matsakaicin wani babban wani ne, saboda haka hannu ne abin gwaji. Ga wanda bai daɗe da farawa ba, akwai ƙananan da ke rufe yatsu kaɗai su bar tafin a buɗe, kuma da su muke ba da shawarar a fara, domin suna sa mutum ya ji yadda yake kamo ruwa ba tare da sun tsananta wa kafaɗa ba. Masu ƙofofi a jiki ma suna barin ruwa ya taɓa tafin hannu, suna kuma ɗan rage nauyin ja.

Maganar igiya ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yawancinsu suna zuwa da igiyar roba biyu, ɗaya ta yatsa, ɗaya ta wuyan hannu. Masu horaswa da yawa kan cire ta wuyan hannu su bar ta yatsan tsakiya kaɗai, kuma muna tare da su a kan haka. In an ɗaure faifai tam a wuyan hannu, duk yadda mutum ya ja ruwa, daidai ko karkace, yana nan maƙale. In ko yatsa ɗaya ne ke riƙe da shi, da zarar hannu ya shiga ruwa a karkace sai ya kuɓuce, ya zama kamar malami da ke tsawatarwa nan take. Kamfanin FINIS ma ya yi wani samfuri marar igiya ko ɗaya, sai kafar babban yatsa, wato kusan irin na Franklin, domin wannan manufa.

Za a ce ai zakarun duniya suna horo da manya-manya. Haka ne. Amma su sun yi shekara goma ko fiye suna gina kafaɗunsu, a ƙarƙashin idon mai horaswa da ke ƙirga musu kowace mita. Kuma ko su ba da shi suke shiga gasa ba, domin dokar hukumar ninƙaya ta duniya, wadda aka sani da FINA kafin ta koma World Aquatics a 2022, ta hana duk wani abu da ke ƙara wa ɗan wasa sauri a tsere. Faifan da ya yi girma har ya tilasta wa mutum jan hannu a hankali yana koya wa jiki wani taki ne dabam da wanda za a buƙata ranar gasa. Ɗan kwale-kwale ma ya san filafilin da ya fi ƙarfinsa ba ya kai shi ƙetare da wuri.

Wasu kuma na cewa a bar abin gaba ɗaya. Mu ba mu kai can ba. Ga wanda jan hannunsa ya zauna, faifai daidai hannu yana ƙara ƙarfi, yana kuma nuna masa inda ruwa ke suɓuce masa. Sharaɗin kawai kada a ɗaura shi kafin jiki ya ɗumama, kada ya cinye fiye da wani ɗan kaso na horon yini, a fara da mita 200 ko 300 a rarrabe, kuma da an ji suka a kafaɗa a cire. A yi hattara wajen haɗa shi da ɗan kumfan nan da ake matsewa tsakanin cinyoyi, tunda a lokacin ƙafafu sun huta, aikin duka ya koma kan hannu. Yara ƙanana da ƙashinsu bai gama ƙwari ba, iyaye su haƙura da sayen nan tukuna, kuɗin ya fi amfani in an biya musu ƙarin sa'o'in shiga tafki.

Wanda zai ɗauka a gwanjo ya shafa bakin robar da yatsa, in akwai tsaga ko kaifi ya bar shi, domin a tafkin da mutum biyar ko shida ke bin layi ɗaya, gefen faifai na iya tsaga wa wani goshi. Igiyar kuwa zafin ranarmu da sinadarin kulorin na ruwan tafki suna cinye ta da sauri. A ja ta a gani, in ta fara farfashewa a sauya ta da sabon siririn tiyon roba, a riƙa ɗauraye faifan da ruwan famfo bayan horo a shanya shi a inuwa.