Kada a Sayi Gida da Rani Ba a Tambayi Damina Ba

Tun da aka kafa Jihar Kebbi a 1991 gidaje suke ta ƙaruwa a Birnin Kebbi da Argungu, har gini ya fara gangarowa daga tudu zuwa bakin fadama. Da yawa daga cikinmu kuɗin sallama ko adashin shekaru muke ɗauka mu sayi gida, kuma sau ɗaya mutum yake yin wannan a rayuwarsa. Ra'ayinmu shi ne, kada kowa ya biya kuɗin gida a wannan kwari na Rima sai ya san abin da ruwa yake yi a ƙarƙashin gidan.

Kowa yana tsoron ambaliya, kuma da dalili. Ba mu manta da ta 2010 ba, sa'ad da ruwa daga madatsar Goronyo ya bi gulbi ya ci ƙauyuka a Sakkwato da Kebbi, ko ta 2020 wadda ta shafe gonakin shinkafa. Amma ita ambaliya kowa yana ganinta. Wanda yake cin gida a ɓoye shi ne ruwan ƙasa. A Amurka akwai gidajen da ake barin sarari a ƙarƙashin daɓensu, mai duba gida ya rarrafa da tocila ya ga ko ruwa ya kwanta. Mu namu daɓen a kan ƙasa yake zaune, saboda haka sai dai mu lura da alamu.

Bulo yana jan ruwa daga harsashi kamar yadda lagwani yake jan kananzir. Ruwan ya bushe, ya bar gishiri a bango, filasta ta riƙa zubewa. In kun ga an yi sabon fenti ko an manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu kaɗai, ku tambayi dalili. Ku ɗaga ledar ɗaki ku taɓa daɓen, ku shiga ɗakin da ya kwana a rufe ku ji ko yana warin danshi. Ku duba ko titi ya fi tsakar gida tudu. Sa'an nan ku tambaya ina ruwan rijiya yake kaiwa a watan Agusta, ko kuma sokawe yana cika ya dawo. Wannan tambaya matan maƙwabta za a yi wa, gama su ne masu kwashe ruwa da tsakar dare. Dillali kuwa, ba zaginsa muke yi ba, la'adarsa sai ciniki ya faɗa.

Ba kowane danshi ne zai hana saye ba. In ruwan indararo ne yake zuba a gindin bango, daɓe kewaye da gida da lambatu mai kyau sun isa. Ku kawo magininku ya yi lissafi, a cire daga farashi. Amma in daga ƙasa ruwan yake tasowa, ba a kuma shimfiɗa leda a harsashi lokacin gini ba, gara a haƙura, domin fenti ba ya maganinsa.

Wani zai ce in ya jira damina wani zai riga shi. Haka ne, yana yiwuwa. To, a ba da kafin alƙalami, a rubuta a gaban shaidu cewa za a cika kuɗin a ƙarshen Satumba, kuma za a mayar da shi in ruwa ya fito. Ɗan'uwan da yake sayar wa ɗan'uwansa na ikilisiya kuwa, ya nuna masa bangon da yake jiƙa tun kafin a yi maganar kuɗi.