Raddi ga Masu Cewa Bayan Babur Mai Farfela Ba Ya Son Gyara

Wata magana ta yaɗu a bakin dillalan manyan babura da wasu masu hawansu, cewa babur ɗin da ke juya tayar baya da sandar farfela maimakon sarƙa ba ya buƙatar a taɓa bayansa har ya tsufa. Hujjojinsu ba su wuce huɗu ba: komai a rufe yake, man da kamfani ya zuba na har abada ne, buɗewa ita ke ɓata shi, kuma in akwai matsala zai yi ƙara. Wannan magana ta mai neman sayar da kaya ce, kuma duk wanda ya ɗauke ta ilimi, ganin kitse yake yi wa rogo.

Abin da ake jayayya a kansa shi ne hannun lilo, wato ƙarfen da ya haɗa tayar baya da gangar jikin babur, wanda ke hawa da sauka tare da shokazoba duk lokacin da taya ta faɗa rami. A babur mai sarƙa irin Bajaj ko Jincheng aikinsa riƙe taya kawai, amma a irin su BMW R1200GS da Honda Gold Wing da Yamaha Super Ténéré, cikinsa kogo ne da farfela ke juyawa a ciki. A gaban farfelar akwai gaɓa mai siffar kuros da ke ba ta damar juyawa tana lanƙwashe, a bakinta akwai tsagaggun haƙora da ke shiga cikin 'yan'uwansu suna zamewa kaɗan gaba da baya, a ƙarshe kuma akwai akwatin giya da ke karkatar da juyin zuwa taya.

Hujjar farko ita ce mafi rauni, kuma abin takaici ita aka fi maimaitawa. Rufin da suke tutiya da shi, a mahaɗar hannun lilo da giyar injin, robar nan ce mai ninki-ninki wadda ke miƙewa tana tanƙwarewa sau dubbai a tafiya guda, zafi yana busar da ita, ƙura tana goge ta, har ta tsage a cikin ninkin inda ido ba ya gani sai an miƙar da ita da yatsa. Da zarar ta tsage ko ta zame daga bakinta, ruwan sama da na wankin babur sun sami ƙofa, kuma abin da ya shiga kogon ba shi da mafita. Ko robar ba ta tsage ba, ƙarfen da ya yi zafi a tafiya ya huce da dare yana tara raɓa a cikinsa. Sarƙar da aka yi sakaci da ita kowa yana ganin tsatsarta, har yaron shago zai faɗa wa maigidansa, amma farfela tana tsatsa ne a ɓoye. Bakaniken da ya taɓa zare farfelar da ta yi shekara da shekaru ba giris ya san abin da ke zubowa: jan gari kamar niƙaƙƙen bulo, haƙoran da ya kamata su kasance masu faɗi sun koma sirara, ko kuma sun manne har sai an sa guduma. Idan rufi yana wadatarwa, me ya sa kamfanin BMW da kansa ya kira masu R1200GS da R1250GS a shekarar 2022 domin a duba farfelarsu, a kuma huda hannun lilon a sa masa 'yar ƙofar roba ta fitar da ruwa? Kamfanin da ke ƙera babur mai farfela tun daga R32 na 1923 ya yarda ruwa yana shiga, sai dillali ne zai rantse ba ya shiga!

Batun man har abada shi ma tarihi ya ƙaryata shi. Gaskiya ne R1200GS ya fito a 2004 da akwatin giyar baya wanda aka ce ba a sauya masa mai, amma daga baya kamfanin ya janye maganar, ya sa sauya man cikin jadawalin gyara. Ban da haka, masu wannan hujja suna cakuɗa abubuwa uku da ba su haɗa hanya ba. Man giya, irin 75W-90 ko 80W-90, yana cikin akwatin baya ne, kuma a yawancin baburan zamani ba ya kaiwa ga haƙoran farfela, waɗanda ke son giris na musamman mai sinadarin molibdenam saboda yana jure matsi, ba ya kuma kaiwa ga boris ɗin da hannun lilo ke lilo a kansu. Waɗannan boris ba sa zagayawa gaba ɗaya kamar na taya, kai-komo kawai suke yi a ɗan wuri guda, shi ya sa girisinsu ke turewa gefe, su riƙa sassaƙa gurbi a mazauninsu.

Cewa buɗewa tana ɓatawa yana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma laifin na mugun aiki ne. Boris masu siffar mazurari suna son a ɗaure su da awo, a saita hannun a tsakiya ta yadda tazarar hagu da dama za ta yi daidai, kuma wasu kusoshin na tsarin Paralever na BMW, wanda ya zo a 1987, an liƙe su da gam na zare da sai an ɗumama kafin a kwance. Maganin wannan shi ne littafin babur da sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Hujjar ƙara kuwa ba ta cancanci dogon bayani ba, domin ranar da kuros ya yi ƙara ya riga ya mutu, kuma idan ya karye ana cikin gudu yana iya fasa hannun lilon ko ya kulle taya. Mai irin wannan babur ya ɗora shi kan jakin tsakiya, ya kama tayar baya sama da ƙasa, sannan gaba da baya, ya girgiza. In ya ji motsi ko ɗan ƙwas, ko ya ga tsaga a roba ko jiƙar mai a gindin akwatin giya, to ya kai wa bakaniken da ya san aikin kafin ya sake hawa babban titi.