Wanda Ya Sha Maganin Ciwon Jijiya, Shi Zai Kai Mana Albasa Kasuwa?

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da ba mu cika tayarwa a taron ƙungiya ba, ga shi kuwa ta shafi ran mutum. Watau maganar ƙwayoyin da likita kan rubuta domin ciwon jijiya, da abin da sukan yi wa mai tuƙi.

Ciwon jijiya dabam yake da ciwon jiki na gajiyar noma. Mai shi yakan ji tafin ƙafarsa kamar ya taka garwashi, ko kamar ana soka masa allura, musamman da dare. Masu ciwon suga sun san shi, haka waɗansu da suka warke daga kuturta, da masu ciwon bayan nan da ke sauka har ƙafa. Jijiyar ce ta sami lahani, tana aika wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi alhali babu rauni a wurin. Domin haka Panadol ba ya taɓuka abin kirki. Sai likita ya ba da amitriptyline, ko gabapentin, ko pregabalin wanda waɗansu suka sani da sunan Lyrica. Biyun ƙarshe ma dangin maganin farfaɗiya ne. Aikinsu shi ne su kwantar da saƙon jijiya.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙwaya ba ta san ƙafa kaɗai aka aike ta ba. Yadda ta kwantar da jijiyar ƙafa, haka take kwantar da ƙwaƙwalwa. Sai ga gyangyaɗi, da jiri, da gani dishi-dishi ko bibbiyu, da mantuwa. Amitriptyline da dare akan sha shi, amma nauyinsa yakan kai mutum har hantsi, daidai lokacin da muke ɗaure buhuna a babur. Abin ya fi tsanani a kwanakin farko, da sa'anda likita ya ƙara yawan maganin, da kuma ga tsofaffi waɗanda ƙodarsu ba ta fitar da shi da sauri. Abin tsoro shi ne mutum yakan ji garau a ransa, amma hannunsa ya makara wajen kama birki.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. Babur mai gudun kilomita 60 cikin sa'a yana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda. Ku tuna da hanyar Illela zuwa Sakkwato ta Gwadabawa da Kware ran kasuwa: manyan motocin shanu, amalanke, raƙuma, jaki ya fito ba sallama. Jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa. A ƙasar Suwidin an bi bayanan mutane kusan 192,000 masu shan gabapentin ko pregabalin, aka buga sakamakon a shekarar 2019, aka ga haɗarin mota da laifin hanya sun ƙaru a lokutan da suke kan maganin, musamman ga samari. A wannan shekara kuma Ingila ta sa magungunan biyu cikin waɗanda hukuma ke tsare wa ƙofa.

Ba tuƙi kaɗai ba. Ma'ajin da ke ƙidayar kuɗin taki, da mai auna maganin feshi, da mai ɗura hatsi a injin niƙa, dukansu da kai suke aiki. Murfi biyu ya zama huɗu a tankin feshi, an ƙone shuka ke nan.

Sai kuma tramol, wanda ya cika gefen iyakar nan tsakaninmu da Birnin Ƙonni. Hukumar NAFDAC ta yarda da mai 50 da mai 100 ne kawai, bisa takardar likita, amma mai 225 na yawo a aljihun 'yan kabu-kabu da 'yan ƙwadago, wai domin ƙarfin aiki. Yakan kawo barci, yakan kuma jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Wanda ya haɗa shi da pregabalin, ko da giya, ko da maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana a 2018, numfashinsa ma na iya tsayawa. Goro da shayi mai kauri ba sa warware wannan, ido kawai suke buɗewa.

Ga ra'ayinmu. Ba mu ce kowa ya bar maganinsa ba, ko kusa. Wanda zugi ya hana shi barci dare uku, shi ma haɗari ne a hanya, kuma yanke waɗannan ƙwayoyi farat ɗaya yana da nasa lahani. Likita ne ke rage su sannu sannu. Abin da muke nema shi ne kowace ƙungiya a Tozai da ƙauyukan kewaye ta rubuta doka cikin littafinta: wanda ya soma irin wannan magani, ko aka ƙara masa, ya gaya wa shugaba, a ba wani babur ko mota har sai jirin ya bar shi, likita kuma ya ce ya iya komawa. Mutane da yawa jikinsu yakan saba bayan 'yan makonni.

Mun san za a ce direba zai ɓoye, gama yana tsoron a karɓe masa abinci. Gaskiya ne, in muka mai da abin hukunci. Saboda haka dokar ta ce wurinsa na nan yana jiransa, a kuma ba shi rabonsa na waɗannan makonni daga asusu, ya yi aikin awo ko tsaron rumbu. Ƙungiyar da ke da mai tuƙi ɗaya tak, ta koya wa na biyu tun kafin a fara cire albasa. Wanda kuma zai je asibiti, kada ya baro gaban likita sai ya faɗa masa da bakinsa cewa shi mai hawan babur ne, ya tambaya wane lokaci ya fi kyau ya sha maganin.