Jakar kirifto ta ma'aikata: a duba kafin a sa hannu

A watan Fabrairun 2025, ɓarayin intanet sun kwashe kuɗin kirifto na kimanin dala miliyar ɗaya da rabi daga kamfanin Bybit, wato sama da miliyar 900 na sefa. Ba su fasa ƙofa ba. Masu riƙe da makullan ne suka sa hannu da kansu, domin an gurɓata shafin da suke dubawa: abin da allo ya nuna musu daban, abin da suka amince da shi daban.

Muna tuna wannan ne saboda duk kamfani ko ƙungiyar da ke shirin ɗora irin jakar nan, kamar MetaMask, a kan Chrome. A ɗauko ta daga shafinta na asali, jabu sun yi yawa. A keɓe mata ordinater guda, ba wanda yaran ofis ke kallon fim da shi ba. Kalmomi 12 na sirri kuwa, a takarda ake rubuta su a kulle. Wanda ya aika hotonsu ta WhatsApp ya ba kura ajiyar nama.

Abin da muka fi matsawa a kai shi ne sa hannu. Kada makulli ya zauna wurin mai ajiyar kuɗi shi kaɗai, komai amanarsa. Mutum na mutuwa, yana kuma ɓata da shugaba. A tsara sai biyu cikin uku sun yarda, kowa da ƴar na'urarsa ta makulli, kuma ya karanta adireshin a allon na'urar, ba na ordinater ba.

Kirifto ba kuɗin BCEAO ba ne. In ya fita bisa kuskure, babu gishen da za a je a kai kuka.