Kada A Ce "Faɗuwa Ya Yi" Alhali Mota Ce Ta Buge Shi

Yau ina so mu tattauna a kan tambayoyin da muke yi muku idan an kawo wanda ya yi haɗari da keke, tambayoyin da wasu ke ɗauka a matsayin bin diddigi ko neman magana.

A nan Katsina da wuya a sami gidan da babu mai hawa keke: yaron da ke zuwa Islamiyya, ko wanda aka aika cefane, ko maigidan kansa. Duk kuwa a titi ɗaya suke bi da motoci da babura, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa. Idan tsautsayi ya faɗa, sau da yawa kafin a iso asibiti an riga an sasanta da direba, an ce ƙaddara ce. Sai mu tambaya me ya faru, a ce mana, "Faɗuwa ya yi." Yafiya abu ne mai kyau, amma a ganina wannan amsa tana cutar da majinyacin.

Dalili na farko shi ne magani. Yaron da ya zame daga keke a ƙofar gida daban yake da wanda mota ta yi sama da shi. Mai yiwuwa ƙujewa ɗaya za a gani a jikinsu, amma na biyun ana tsoron bugu a kai ko zubar jini a cikin ciki, wanda ba lallai ya nuna nan take ba. Abin da kuka faɗa yana cikin abin da likita ke dubawa kafin ya yanke shawarar ɗaukar hoto, ko kwantarwa, ko sallama.

Dalili na biyu shi ne rubutu. Bayan an duba majinyaci, fayil ɗinsa na zuwa wurin ma'aikatan ajiye bayanai, su kuma su mayar da abin da aka rubuta zuwa lamba, bisa kundin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD. Bugu na 11 ya fara aiki a 2022, amma wurare da yawa suna kan na 10. A cikinsa raunin yana da lambarsa, musabbabinsa ma yana da tasa. Mai keken da ya yi karo da babur ko Napep lambarsa V12 ce, da ƙaramar mota V13, da babbar mota ko bas V14, wanda ya faɗi ba tare da karo ba kuma V18. Har an bambanta mai tuƙi da wanda aka goya. In kuwa "faɗuwa" kawai aka ce, to W19 za a sa, wato faɗuwar da ba a san irinta ba. Shi ke nan, motar ta ɓace daga lissafi.

A lura kuma, yanzu in an ce "keke", wani Napep yake nufi, alhali wanda ke cikin Napep rukunin lambobinsa daban ne, daga V30 zuwa V39. Don haka a fayyace mana wane keken ne.

Me ya sa lissafin ke da muhimmanci? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Irin waɗannan alƙaluma da bayanan asibitoci da na jami'an hanya ake gina su. In fayilolinmu sun ce 'ya'yanmu faɗuwa kawai suke yi, da wace hujja za a nemi a sa tudun rage gudu a gaban makarantarsu?

Na san abin da ake tsoro: kada magana ta kai ga 'yan sanda, ko a ƙi karɓar majinyaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi ba mutum taimakon gaggawa, ta kuma ce bayanansa sirri ne, ba a fitar da su sai da yardarsa a rubuce ko inda doka ta buƙata. Faɗa wa nas gaskiya ba kai ƙara ba ne. Kuma in bayan wata uku ƙafa ta ƙi takawa, wanda ya yi alkawarin biyan magani ya daina ɗaga waya, rahoton likita ne za a dogara da shi wajen neman haƙƙi daga gare shi ko daga inshorar motarsa. Likita kuwa abin da ke cikin fayil zai rubuta.

Ke kuma mai juna biyu, in ke ce abin ya shafa, ko an goya ki ne ko kina cikin Napep, ki zo asibiti a ranar ko da ba ki ga rauni ba. Bugu na iya sa mabiyiya ta ɓanɓare daga jikin mahaifa, jini kuma ya taru a ciki ba tare da ya fito ba. Ki zo da katin awonki, ki faɗi watan cikin kafin a ɗauki hoto ko a ba ki magani. Masu jini nagatif kan buƙaci allurar anti-D cikin awa 72. In an sallame ki sai kika ga jini, ko ruwa na zuba, ko ciwon mara, ko motsin jariri ya ragu, ki dawo nan take ko da tsakar dare ne.

Ga abin da muke so a riƙe a zo mana da shi: wane lokaci abin ya faru kuma a ina, me ya bugi majinyacin, shi ke tuƙi ko goya shi aka yi, kansa ya bugu, ya suma ko ya yi amai, sannan me aka ba shi ko aka shafa masa kafin a zo. In da hali, wanda ya ga abin da idonsa ya biyo ku. Idan ana buƙatar agaji a kan hanya, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122. A adana lambar katin asibiti, kada a buɗe sabon kati a kowane zuwa, domin tarihin majinyaci ya zauna wuri ɗaya.

Allah Ya tsare mana iyalanmu a kan hanya, Ya kuma sauke ku lafiya, amin.