Bayan An Busa Usur

Na san a gidaje da yawa, in an gama cin tuwon dare ran Asabar, maigida da samari su kan kewaye rediyo ko talabijin domin su ji yadda ta kaya a filin ƙwallo. Da alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe, waɗanda aka ci ƙungiyarsu sai su tashi da ɓacin rai su kashe akwatin, uwargida kuwa ta ce madalla, kunne ya huta. To, ni a daidai nan ne na kan ce a dakata tukuna. Saura mutum guda bai yi nasa wasan ba, watau mai koyad da 'yan wasa, wanda yara ke kira koci. Yanzu za a kawo shi gaban 'yan jarida, zuciyarsa tana tafasa, a ce ya faɗi dalilin da ya sa aka lallasa su.

Kada ku yi tsammani don son ransa ya ke zuwa. A manyan gasanni na Turai da na duniya, doka ce ta tilasta masa, in ya ƙi kuwa ana iya cin sa tara, ko shi ko ƙungiyarsa. Dalili shi ne kuɗi. A shekarar 2023 gidajen talabijin na Ingila suka yarda za su biya fam miliyan 6,700 domin nuna wasannin babbar gasar ƙasar na shekara huɗu. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai yarda a ce koci yana fushi ba zai yi magana ba, ai fushin ma yana cikin abin da ya saya. Saboda haka 'yan mintoci kaɗan bayan an tashi, sai a tsai da mutum gaban wani allo mai cike da sunayen kamfanoni, a miƙa masa abin magana. In ya gama da wannan ya koma wurin wani gidan talabijin, sa'an nan na rediyo, daga bisani a zaunad da shi a babban ɗaki inda 'yan jarida ke jiransa da tambayoyi. Tambaya ɗaya ce a ke juya masa ita kamar waina: laifin wane ne?

Abin da ya sa amsar ke da wuya shi ne, ko da ya ke ɗan jarida ne a gabansa, masu sauraro daban su ke. 'Yan wasansa suna ji, gobe kuwa da su zai koma fili. Masu ƙungiya suna ji, su ne ke da ikon sallamarsa kafin gari ya waye. Magoya baya suna so su ga ransa ya ɓaci kamar nasu. Hukumar ƙwallo kuma ta kasa kunne ko zai taɓa mutuncin alƙali. Kalmar da za ta faranta wa ɗaya rai ita ce za ta ɓata wa ɗayan. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, ga shi kuwa ana naɗe ta a faifai.

Hanya mafi sauƙi ita ce a nemo wani abu da ba shi da baki a ɗora masa. A watan Afrilu na 1996 Manchester United ta je Southampton sanye da riguna masu launin toka. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zuba musu uku. Alex Ferguson ya sa aka canja riguna, aka tashi 3 da 1, sa'an nan ya ce 'yan wasansa ba su iya hangen juna da kyau a cikin wancan launi. Ba su sake sa rigunan ba. Har yau ana ba da labarin ana dariya, don an bar jaki ana dukan taiki. Amma ku lura da abu guda: washegari riga a ke ta zance a kai, ba a kama sunan yaro ko ɗaya ba.

Wanda ya fi riga shan duka shi ne alƙalin wasa. A Ingila hukuma ta yarda koci ya ce hukuncin alƙali kuskure ne. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ya nuna alƙalin yana da son kai ko ba shi da gaskiya. A watan Maris na 2011 Chelsea ta ci Manchester United 2 da 1, Ferguson ya tsallake wannan iyaka a kan alƙali Martin Atkinson, aka ci shi tarar fam 30,000, aka kuma hana shi zama a bakin fili har wasa biyar. Abin mamaki, a ƙarshen watan Mayu na wannan shekara Barcelona ta ci su 3 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Turai a Wembley, sai ga mutumin nan mai zafin kai ya fito ya ce bai taɓa karawa da ƙungiyar da ta kai wannan ba, ba a kuma taɓa yi musu irin wannan duka ba. Ban ji wanda ya raina shi saboda wannan magana ba. Ni dai a ranar ya fi girma a idona.

José Mourinho kuwa gwani ne na jawo wutar kansa. A watan Maris na 2014 Aston Villa ta ci Chelsea 1 da nema, aka kori 'yan wasansa biyu, shi ma aka kore shi daga bakin fili. Da aka tambaye shi, sai ya ce gara ya yi shiru, in ya yi magana zai shiga babbar matsala. Kun ga ya zargi alƙali ke nan ba tare da ya ba hukuma abin kamawa a bakinsa ba. A watan Agusta na 2018, yana Manchester United, Tottenham ta zo har gida ta ci su 3 da nema. Ya ɗaga yatsu uku ya ce wa 'yan jarida wannan ba yawan ƙwallayen kaɗai ba ne, yawan kofunan gasar Ingila ne da ya ci, fiye da na sauran kociya 19 in an haɗa, ya nemi a girmama shi, ya tashi ya fice. Masu kare shi su kan ce da gangan ya ke yi, domin jaridu su bi shi su ƙyale yaransa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ranar da ya juya kan yaran, abin bai yi masa kyau ba. A watan Disamba na 2015 Leicester ta ci Chelsea 2 da 1, ya ce a bainar jama'a yana ji kamar an ci amanar aikinsa. Bayan kwana uku aka sallame shi.

Kan wannan batu na kama suna, babu wanda ya kai Giovanni Trapattoni, mutumin Italiya da ya taɓa riƙe Bayern Munich. A watan Maris na 1998 Schalke ta ci su 1 da nema, wasu 'yan wasa kuma suka yi ta gunaguni a jarida don bai sa su ba. Bayan kwana biyu ya zo gaban 'yan jarida yana dukan tebur, yana ihu da Jamusancin da bai nuna ba, ya kira sunan Strunz da Basler da Scholl, ya ce sun yi laushi kamar kwalbar da ba kome a ciki. Minti uku da 'yan kai ya yi, amma har yau Jamusawa suna kwaikwayonsa. Mai yiwuwa abin da ya faɗa gaskiya ne. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san bambancin yaron da aka kira ofis aka yi masa faɗa da wanda aka tsayar gaban dukan makaranta. Na biyun ya kan manta laifinsa, ya riƙe kunyar da aka ba shi. Arsène Wenger na Arsenal ya bi wata hanya dabam. In ɗan wasansa ya yi ƙeta aka tambaye shi, sai ya ce bai gani ba, har abin ya zama abin ba'a. Daga baya ya yarda cewa wani lokaci ya gani sarai, yaron ya ke karewa. Niyyar ta yi kyau, amma ƙarya ce, ba zan kuwa ba ta wani suna ba.

Mu ma a nan gida mun ga namu. Ran 11 ga Fabrairu 2024 Kwaddibuwa ta ci Nijeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, José Peseiro ya ce masu gida sun fi mu wasa a ranar. Duk wanda ya kalla ya san haka ne. A watan Nuwamba na 2025 kuwa, a Rabat, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fid da mu da bugun fenariti 4 da 3 a wasan neman zuwa gasar duniya ta 2026, sai Eric Chelle ya ce wani daga cikin mutanen Kwango yana ta yin tsafi lokacin bugun. Wannan ta dame ni, domin yaran da ke buga ƙwallon tsumma a bayan gidajenmu sun ji, gobe kuwa in aka ci su sun sami abin faɗa, ba sai sun koyi bugu ba.

Saura waɗanda su kan ce laifinsu ne. Wannan ma iri-iri ce, sai an duba da kyau.

Ran 8 ga Yuli 2014, a garin Belo Horizonte, Jamus ta ci Brazil 7 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe na gasar duniya, a gaban mutanen Brazil. Kafin a cika minti talatin an zuba biyar, huɗu daga ciki a cikin minti shida. Luiz Felipe Scolari yana da uzuri a hannu in ya so, gama Neymar ya ji rauni, an kuma dakatad da kyaftin Thiago Silva. Bai fake da su ba. Ya ce shi ya zaɓi 'yan wasa, shi ya tsara yadda za a buga, alhakin nasa ne, ya roƙi mutanen ƙasar gafara, ya ce ranar ce mafi muni a rayuwarsa. Mutumin da ya ci musu kofin duniya a 2002 ke nan fa. Amma da gari ya waye sai ya dawo yana lissafa nasarorinsa, yana cewa aikin ya yi kyau in ban da waɗannan mintoci shida. Nan take tuban jiya ya rage nauyi. Holan ta ƙara musu 3 da nema a neman na uku, ya bar aikin.

Roy Hodgson kuma, sa'ad da Iceland, ƙasar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, ta fid da Ingila 2 da 1 a watan Yuni na 2016, ya shigo da takarda a hannu, ya karanta cewa ya ajiye aiki, ya fita bai amsa tambaya ko ɗaya ba. Washegari da aka dawo da shi, ya ce bai ma san abin da ya zo yi ba. Ajiye aikin ya dace, amma mutanen da suka kashe kuɗinsu suka bi ƙungiya har Faransa suna da hakkin su ji bayani.

Wanda na fi so samarinmu su sani shi ne Gareth Southgate. Ran 11 ga Yuli 2021 Ingila ta kara da Italiya a wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Turai a Wembley. Aka tashi 1 da 1, aka je bugun fenariti. Marcus Rashford mai shekara 23 ya bugi ƙarfe, golan Italiya ya tare na Jadon Sancho mai shekara 21, sa'an nan ya tare na ƙarshe, na Bukayo Saka, yaro ɗan shekara 19 wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Italiya ta ɗauki kofi 3 da 2. A daren nan wasu marasa kunya suka yi ta zagin yaran uku a intanet saboda launin fatarsu. Southgate ya san ɗacin abin, gama shi da kansa ya ɓarad da fenariti a wannan fili a 1996, Jamus ta fid da su, ya yi shekaru ana yi masa gori. Da aka miƙa masa abin magana, ya ce shi ne ya zaɓi masu bugu da yadda za su bi juna, bisa ga abin da ya gani a wurin horo, kada kowa ya ɗora wa yaran. Kashegari ya fito ya la'anci zagin da aka yi musu.

Wani zai ce ai ba alfarma ya yi ba, laifin nasa ne da gaske, tun da shi ya shigo da Rashford da Sancho ana gab da tashi, ƙafarsu ba ta ko yi ɗumi ba, ya kuma bar wa ƙaramin cikinsu bugu na biyar. Na yarda. Ni ma ina ganin ya yi kuskure a wannan lissafi. Amma yana da hanyar tsira da bai bi ba. Da ya ce manya sun noƙe, ko ya ce fenariti sa'a ce, da ya rage wa kansa zafi, jaridu kuma su koma farautar wanda ya noƙe. Bai ba su wannan nama ba, bai kuwa sake maganarsa da safe ba kamar Scolari.

Ya ci gaba da kiran Saka, yana sa shi a wasa. Ran 6 ga Yuli 2024, a garin Düsseldorf na Jamus, Switzerland tana gaban Ingila da ci ɗaya ana saura minti goma, Saka ya rama. Aka sake zuwa fenariti, Southgate ya sake rubuta sunansa, shi ne na uku a jeri. Yaron ya ajiye ƙwallo, ya buga ta shiga, ya juyo yana murmushi. Ingila ta wuce da 5 da 3.